Gidan Madaki da Hannun Babban Gwani

Mutanen Ingila suna ji da gidajen da aka gina a zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901), har wanda hukuma ta sa a lissafinta ba a rushe shi, ba a sake masa fasali, sai da izini. To, a wannan zamani ɗin mu ma an yi gini a Zazzau, kuma ba na wasa ba.

Kowa ya san Babban Gwani, maginin da ya tsara Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846). Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, gidan da ake jingina masa wanda ya sami kariyar doka ba a birnin Zariya yake ba. Yana Kafin Madaki, a ƙasar Bauci. An gina shi wajen 1860, aka kuma sa shi cikin kayayyakin tarihi na Nijeriya a 1956.

Gwanintar tana cikin rufi. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma idan ta wuce kamar mita 2 sai ta lanƙwashe saboda nauyin ƙasa. Sai magini ya riƙa jera gajerun azaru, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga bango biyu ya haɗu a tsakiya. Da haka ake samun soro mai faɗi ba ginshiƙi. Ni a ganina wannan lissafi ne sosai, ko da yake ba a kan takarda aka yi shi ba.

Amma fa ruwan sama bai san doka ba. Ginin tubali yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin damina, da maginin da ya san makuba da laso. Irin waɗannan magina sun yi ƙaranci. Mai gida kuwa, idan soron kakansa ya tsage, bulo da kwano ne suka fi masa sauƙi, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi kansa masallacin, a shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin siminti, ga kuma kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Duk da haka, ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashensa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Idan masallacin da ke ƙofar fada ya kai ga haka, wa zai leƙa zaurukan da ke lungunan Kwarbai?