Bibiyar tarkacen roka a falakin kusa da duniya

Bibiyar tarkacen roka aiki ne na gano inda gangunan tsofaffin rokoki da gutsattsarinsu suke, da lissafin hanyar da za su bi, a falakin da bai wuce nisan kilomita 2,000 daga doron ƙasa ba. Roka takan yar da sassanta ɗaya bayan ɗaya yayin da take hawa. Sashe na ƙarshe, wanda ya kai tauraron ɗan'adam mazauninsa, sau da yawa can yake zama yana zagaya duniya da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, wani har shekaru gommai.

Tarihi

Abu na farko a kundin rajistar da Amurka ke riƙe da shi gangar rokar da ta ɗauki Sputnik 1 ce a shekarar 1957. Shi tauraron kansa lamba ta biyu aka ba shi. A watan Yunin 1961 wani sashen roka mai suna Ablestar ya tarwatse a sama zuwa gutsattsari kusan 300. Ragowar mai da ke cikin tanki shi ke yawan jawo irin wannan fashewa. A 1996 wani guntun rokar Ariane ya bugi tauraron Faransa mai suna Cerise, ya karya masa dogon hannunsa.

Yadda ake bibiya

Na'urar rada ce ginshiƙin aikin, domin tana gani dare da rana. Rundunar sararin samaniyar Amurka na da irinsu da dama, ciki har da Space Fence da ke tsibirin Kwajalein, wadda ta fara aiki a 2020. Hukumar sararin samaniya ta Turai kuma tana da ofishin tarkace a Darmstadt ta Jamus. Madubin hangen nesa yakan taimaka, amma galibi sai da magariba ko da asuba, lokacin da rana ke haska tarkacen alhali ƙasa na cikin duhu.

Babbar ganga ba ta da wuyar gani. Matsalar tana ga abin da take zama idan ta fashe, domin guntun da bai kai santimita 10 ba yakan kuɓuce wa yawancin na'urori, kuma ya isa ya lalata tauraro. Lissafin ma kullum sai an sabunta shi, saboda siririyar iskar da ke can sama tana rage wa tarkace gudu, kuma kaurinta na canzawa da yanayin rana.

Faɗowa

Hasashen inda ganga za ta faɗo ya fi komai wuya: kuskuren minti ɗaya daidai yake da kilomita sama da 400. A watan Mayun 2020 an tsinci gutsattsarin rokar Long March 5B ta ƙasar Sin a ƙauyukan Kwaddibuwa, a 2021 kuma wata irinta ta faɗa tekun Indiya kusa da Maldives.

A 2024 kumbon ADRAS-J na kamfanin Astroscale ya matsa kusa da gangar rokar H-IIA ta Japan, mai tsawon mita 11, wadda ke sama tun 2009, ya ɗauki hotunanta a matsayin share fagen sauko da ita.