Iskar rana

iskar rana (suna, mace, ba ta da jam'i). Ƙwayoyin zarra masu ɗauke da lantarki da rana ke fesowa dare da rana, suna gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa guda. Masanin Amurka Eugene Parker ne ya bayyana ta a 1958.

Maganaɗisun duniya na kare mu kamar garkuwa, yana karkatar da yawancinta. Amma idan rana ta yi aman wuta, ƙarfin kan kutsa cikin saman sararin samaniya, sama da kilomita 80 daga ƙasa, ya zafafa iskar wurin ta kumbura, ya hargitsa lantarkinta.

Daga wannan sashen ne muryar rediyon gajeren zango ke dawowa ƙasa. Shi ya sa mai sauraro a Dantchiao, cikin Magaria ta jihar Damagaram, kan ji tashar nesa ta shaƙe alhali batirinsa sabo ne. GPS ma kan kauce, musamman bayan magariba a ƙasashenmu, inda wannan sashe ya saba birkicewa.

Guguwar iskar rana ta katse wutar Kwibek ta Kanada awa 9 ranar 13 ga Maris 1989. Wata kuma ta kakkaɓo taurarin ɗan'adam 38 na Starlink a Fabrairun 2022.

Misali: *Iskar rana ta hana mu jin labarun safe.*

Duniyar Mars ba ta da irin garkuwarmu. Binciken kumbon MAVEN a 2015 ya nuna tana asarar kusan giram 100 na iskarta kowace daƙiƙa saboda iskar rana.