Cikin da ba shi da rabon uwa

Tun zamanin dā masu ba da magani sun san wani irin ciki da ba ya zama ɗa. Amai ya tsananta wa mace, ciki ya fi watanninsa girma, sai jini ya ɓalle, abin da zai fito kuma ƙananan ƙullutai ne masu ruwa, a cure kamar 'ya'yan inabi. Mabiyiya ce ta yi girman wuce ƙa'ida ba tare da jariri ba. Likitoci na kiransa mola, sun kuma daɗe da sanin cewa wani lokaci yakan rikiɗe ya zama sankara mai saurin kaiwa huhu. Tushensa ne ya gagara har 1977, lokacin da masana biyu 'yan Japan, Tadashi Kajii da Koso Ohama, suka duba kuromosom ɗinsa. Guda 46 ne cif, kamar na kowa, amma dukansu na uba ne: ƙwan mace ya rasa nasa, na maniyyi suka ninka kansu. A 1978, masana Szulman da Surti a Pittsburgh suka bambanta nau'i na biyu mai kuromosom 69, kashi biyu na uba, ɗaya na uwa. Gwaje-gwaje kan ɓeraye a Cambridge da Philadelphia a 1984 suka bayyana dalilin: rabon uba ke ingiza girman mabiyiya, tayi kuwa ba ya ginuwa sai da rabon uwa.

Wani zai ce wannan ilimi bai warkar da kowa ba, tunda tun 1956 likita Min Chiu Li ya yi nasara kan sankarar da maganin methotrexate a Amurka, yana bin sinadarin hCG da sankarar ke fitarwa har ya ɓace daga jiki. Gaskiya ne magani ya riga fahimta zuwa, amma fahimtar ce ta nuna wadda za a fi sa wa ido. Kusan kashi 15 cikin 100 na masu nau'in farko kan buƙaci maganin sankara daga baya, a nau'i na biyu kuwa ba safai ba, don haka tantance su yana da nauyi ga lafiyar mace. Ilimin ya kuma amsa kukan matan da abin ke maimaita musu ciki bayan ciki, waɗanda sau da yawa ake ɗora wa laifi a banza. A 2006, ayarin Rima Slim a Jami'ar McGill ta Kanada ya gano cewa a wasunsu tangarɗa ce da suka gada daga iyaye biyu a ƙwayar gado mai suna NLRP7.