Yadda Nijar Ta Ƙara wa 'Ya'yanta Shekaru

Lokacin da Nijar ta sami 'yanci a 1960, ba a sa ran jaririn da aka haifa a ƙasar zai kai shekara 40. Mutuwar yara ce ke jawo lissafin ƙasa: ƙyanda, gudawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna kwashe su tun kafin yaye.

Shekarun 1980 da 1990 sun zo da tsanani. Farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmali ya bushe, aka rungumi tsarin da aka amince da shi a Bamako a 1987, wato mara lafiya ya biya kuɗin magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya ƙara tsada. Uwa a ƙauye sai ta goya yaro jikinsa zafi rau, ta zauna jiran zazzaɓin ya sauka da kansa, don ba ta da abin biya. A 1998, cikin yara dubu, 226 ba sa kai shekara biyar.

Gyara ya fara ne a zamanin Shugaba Tandja Mamadou. Da kuɗin da aka samu daga yafe bashi aka gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara. Yunwar 2005, wadda ta fi yin ɓarna a Maraɗi da Damagaram, ta sa aka buɗe cibiyoyin kula da masu tamowa. A 2006 aka mayar da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, aka kuma bi gida-gida da gidan sauro da rigakafi. Zuwa 2009 adadin yaran da ba sa kai shekara biyar ya sauko zuwa 128 cikin dubu. A ganina, kaɗan ne cikin ayyukan gwamnatocin yankinmu suka kai wannan daraja.

Tsarin magani kyauta ya yi ta tangal-tangal, domin gwamnati takan daɗe ba ta biya asibitoci kuɗin maganin da suka bayar ba, har kantar magani ta zama wayam. Duk da haka tsawon rai a Nijar ya haura shekara 60. Najeriya, mai arzikin man fetur, inda shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2001 suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, ba ta taɓa cika alkawarin ba, kuma har yau nata lissafin tsawon rai yana ƙasa da na Nijar da shekaru da dama.