Zoben da ke cikin faranti: tarihin neman bakteriya masu narkar da fosfet

Manomi zai zuba takin supa a gona, amma kaɗan ne kawai shuka za ta ci a wannan damina. Sauran fosfet ɗin yakan haɗu da sinadarin ƙarfe, alminiyam ko kalsiyam da ke cikin ƙasa, ya daina narkewa a ruwa. Yana nan a gonar, saiwa dai ba ta iya zuƙarsa.

A 1948 aka yi ayyuka biyu da suka buɗe hanya. A Holan, Gerretsen ya nuna cewa shukar da ke da ƙwayoyin halitta kewaye da saiwarta ta fi zuƙar fosfet mai wuyar narkewa. A Tarayyar Sobiyet kuma, Pikovskaya ta haɗa abincin rainon bakteriya mai ɗauke da garin fosfet na kalsiyam, wanda ke sa faranti ya yi fari kamar madara. Duk bakteriyar da ta fitar da asid ta narkar da garin, sai wani zobe garau ya bayyana kewaye da ita. Har yau da wannan gwaji ake farawa.

Sobiyet ba ta ɓata lokaci ba. A shekarun 1950 ta riƙa raba wa gonaki takin Phosphobacterin, wanda aka yi da bakteriyar Bacillus megaterium. Da aka gwada shi a Amurka, ba a ga ƙarin amfanin da aka yi zato ba.

To, ina matsalar take? Faranti ba gona ba ne. A 1999 Nautiyal, a birnin Lucknow na Indiya, ya nuna cewa wasu bakteriyar na narkar da fosfet sosai a ruwan gwaji ba tare da sun yi zobe ba. A 2013 Bashan da abokan aikinsa suka ja hankali cewa fosfet na kalsiyam ya fi sauƙin narkewa, don haka wadda ta ci wannan jarrabawa tana iya kasawa a ƙasa mai tsami, inda ƙarfe da alminiyam ke riƙe da shi.

Yanzu binciken ƙwayar gado ta 16S rRNA na faɗa mana dangin bakteriya, Pseudomonas ce ko Bacillus, amma sanin suna daban, aiki daban. Wannan ya shafe mu kai tsaye: ƙasar noma a Arewa da Nijar na da ƙarancin fosfet, alhali akwai dutsensa a yankin Sakkwato da Tawa. Duk bakteriyar da za a ce tana narkar da wannan dutse, sai an gwada ta a gonar gero ko masara kafin a tallata wa manomi ita.