Daga Romero Zuwa Phoenix: Tarihin Joker Da Abin Da Ke Hana Amurka Barci

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen Joker a tsakanin masu kallon finafinan Amurka, musun ba ya wuce mutum biyu: Heath Ledger ko Joaquin Phoenix. Wasu har hoton fuskar suke ɗorawa a matsayin hotonsu na Facebook da WhatsApp, a liƙa masa wasu kalaman falsafa waɗanda shi kansa bai taɓa faɗa a fim ba. To amma wannan bos ɗin ya haura shekara 80 a duniya, kuma duk wanda ya saka rigarsa ya fito ne da tsoron zamaninsa. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

A shekarar 1940 aka fara ganin Joker, cikin fitowa ta farko ta mujallar labarin zane mai suna Batman. Mutum uku ake dangantawa da ƙirƙirarsa: Bill Finger, Bob Kane da Jerry Robinson, kuma har suka bar duniya ba su daidaita kan wanda ya fi hannu a ciki ba. Fuskar kuwa an aro ta ne daga wani fim na 1928, The Man Who Laughs, inda Bajamushe Conrad Veidt ya fito a mutumin da aka yanka wa baki tun yana yaro, ya zama kullum kamar yana dariya. Joker na farko ba mai wasa ba ne ko kaɗan. Yana shiga rediyo ya sanar cewa wane zai mutu ƙarfe sha biyun dare, 'yan sanda su kewaye gidan, lokaci na cika mutumin ya faɗi matacce da murmushi a fuska, don tuni an ba shi guba. An ma so a kashe Joker tun a wannan fitowar, edita Whitney Ellsworth ne ya hana.

Sai aka zo 1954. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana zargin mujallun zane da lalata tarbiyyar yara, har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan batun. Kamfanonin suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tace labarai. Aka hana nuna jini da kisa ƙiri-ƙiri. Joker ya koma ɓarawo mai tsokana, mai fesa wa mutane ruwa da furen roba.

Wannan Joker ɗin ne Cesar Romero ya gada a shirin talabijin na Batman da aka yi daga 1966 zuwa 1968, tare da fim ɗin 1966, Adam West na Batman. Romero dama an san shi a finafinan soyayya, kuma ya ƙi yarda ya aske gashin bakinsa. Sai kawai aka shafa farin fenti a kai. Duk wanda ya kalla da kyau zai hango gashin a ƙarƙashin fentin. Matasan yanzu suna raina shi, amma a yi masa adalci: abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. An harbe Kennedy a 1963, ana ta kai samari Vietnam, labaran dare cike da tashin hankali. Mai kallo na son mugun da za a kama kafin a kwanta, yara su yi dariya. Jokern Romero kuɗi yake sata, kamar kowane ɓarawo, kuma kullum asirinsa na tonuwa.

Ku riƙe maganar kuɗin nan, don da ita nake auna su duka.

A mujallu, marubuci Denny O'Neil da mai zane Neal Adams sun dawo masa da haƙoransa a 1973. A 1988 abubuwa biyu suka faru. Alan Moore ya rubuta The Killing Joke, wanda ya nuna shi a matsayin mai barkwancin da bai yi nasara ba, rana ɗaya mai muni ta juya masa kai. Sannan kamfanin DC ya ba masu karatu lambar waya su zaɓa ko Robin, yaron Batman, ya rayu ko Joker ya kashe shi. Masu cewa a kashe suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal. Kun ga ke nan tun lokacin jama'a sun fara ba bos goyon baya.

A 1989 Tim Burton ya kawo Jack Nicholson. Girmansa a lokacin ya kai an rubuta sunansa gaba da na Michael Keaton, wanda shi ne jarumin fim ɗin. Ya kuma yi wayo: ya rage kuɗin aikinsa, ya ce a ba shi kaso daga cinikin fim da kayan da za a sayar da sunansa, an kiyasta abin da ya kwasa ya haura dala miliyan 50. A fim ɗin sunansa Jack Napier, ɗan daba mai son gayu, wanda ya faɗa cikin tukunyar sinadari a masana'anta, fatarsa ta koma fara, bakinsa ya ƙage. Yana zuba guba a kayan kwalliya, yana kutse cikin tashar talabijin yana tallar mutuwa, yana shiga gidan adana zane-zane yana ɓata su da fenti, ana kiɗan Prince. Wurin da ya fi komai faɗar gaskiya shi ne faretin ƙarshe: yana watsa wa mutanen Gotham kuɗi, suna wawaso, shi kuwa ya shirya musu iskar guba. Ƙarshen shekarun Reagan ke nan, zamanin da kasuwar hannun jari da talla suka zama abin bauta. Laifin da nake gani a wasan Nicholson ɗaya ne: ba ka taɓa mantawa cewa Nicholson kake kallo. Yana jin daɗin kansa, kai ma kana jin daɗinsa, amma tsoro kaɗan ne.

Kafin in wuce, masu kallon katun za su ce na manta Mark Hamill, wanda ya fara yi wa Joker murya a 1992. Ban manta ba. Wajen dariyar kanta, har yau ban ji wanda ya kamo shi ba. Sai dai murya daban, tsayawa gaban kyamara daban.

Yanzu ga Ledger. Da aka sanar cewa Christopher Nolan ya ɗauki wannan matashi ɗan Ostireliya, masoya Batman sun yi ta ƙorafi, wai ɗan kwalisa ne na finafinan soyayya. Ya kulle kansa a ɗakin otal na makonni, yana rubuta tunanin Joker a littafi yana gwada muryoyi. Abin da ya fito da shi a The Dark Knight na 2008 bai yi kama da na kowa ba. Fentin a dagule, gashin kamar bai ga ruwa ba, yana ta lasar leɓe. Ba shi da suna, ba shi da tarihi. Sau biyu yana ba da labarin yadda ya samu tabon bakinsa, kuma labaran sun saɓa wa juna, wato kada ma ka wahalar da kanka neman dalili. Da aka tara masa tsaunin kuɗi, sai ya zuba fetur ya cinna wa rabonsa wuta.

A nan tsoron yake. Wanda ke son kuɗi ana iya sayensa, ana iya ciniki da shi. Wanda ya ƙona kuɗi fa, da me za ka lallashe shi? Shekara bakwai ke nan bayan harin 11 ga Satumban 2001, Amurka na cikin yaƙi a Afganistan da Iraƙi, ana ta muhawara kan azabtar da fursunoni da sauraron wayoyin jama'a a ɓoye. Duk suna cikin fim ɗin. Batman ya lakaɗa wa Joker duka a ɗakin tambayoyi bai samu komai ba sai abin da Joker ya ga dama ya faɗa. Ya mayar da wayoyin mutanen gari na'urar leƙen asiri, har abokin aikinsa Lucius Fox ya ce zai ajiye aiki. Burin Joker shi ne ya nuna cewa mutumin kirki ma, in an matsa shi, zai zama irinsa. Ya ci nasara a kan Harvey Dent. Amma a jiragen ruwa biyun nan, ɗaya na fursunoni ɗaya na mutanen gari, kowanne an ba shi makunnin bam ɗin ɗayan, babu wanda ya danna. Wani fursuna ne ma ya karɓi makunnin ya jefar ta taga. Masu ɗora hotonsa suna yawan mance wannan wurin: fim ɗin da kansa ya ƙaryata shi.

Ledger ya mutu ranar 22 ga Janairun 2008 a New York yana da shekara 28, wata shida kafin fim ɗin ya fito. Binciken likitoci ya nuna haɗuwar magungunan da ya sha ce ta kashe shi, bisa kuskure. Zancen da ake yaɗawa cewa wai Joker ne ya haukata shi, danginsa sun musanta, kuma a lokacin ya riga ya gama fim ɗin yana kan wani aikin tare da darakta Terry Gilliam. An ba shi Oscar a 2009 bayan mutuwarsa, fim ɗin kuma ya haura dala biliyan ɗaya.

Na Jared Leto a Suicide Squad na 2016 ba zan daɗe a kai ba, don shi ma bai daɗe a fim ɗin ba, an yanke yawancin wurarensa. Zanen jiki ko'ina, haƙoran ƙarfe, sarƙoƙin zinare, motar alfarma. Wannan shi kuɗin yake sakawa a jiki don a gani. Har a goshinsa an rubuta cewa shi lalatacce ne. In sai an rubuta wa bos a goshi kafin a gane shi, to aiki bai yi ba. Margot Robbie ce ta tafi da fim ɗin a matsayin Harley Quinn.

Sai 2019, Todd Phillips da Joaquin Phoenix. A nan babu Batman, Bruce Wayne yaro ne ƙarami. Arthur Fleck talaka ne a Gotham ta 1981, shara ta cika titi saboda yajin aiki, yana jinyar uwarsa, yana da lalurar da ke sa shi dariya ba da sonsa ba har yana yawo da kati mai bayani. Ana cikin haka gwamnati ta yanke kuɗin ofishin da ke ba shi magani da shawara. Phoenix ya rage kilo sama da 20 saboda wasan, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Romero ya saci kuɗi, Nicholson ya watsa, Ledger ya ƙona, Leto ya rataya a wuya, shi kuwa Arthur ko na magani ba shi da shi. Bayan durƙushewar tattalin arziki na 2008, abin da ke damun Amurka ya koma cikin gida: mutumin da aka manta da shi, kuma bindiga na hannunsa.

Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice, ya zama na farko cikin finafinan da aka keɓe wa manya da ya haura dala biliyan ɗaya, Phoenix ya ɗauki Oscar. Kafin su, Marlon Brando da Robert De Niro ne kaɗai suka taɓa cin Oscar su biyu a kan mutum ɗaya, wato Vito Corleone. De Niron nan kuwa shi ne mai gabatar da shirin da Arthur ya harbe a gaban kyamara. A watan Oktoban shekarar an ga masu zanga-zanga a Lebanon da Chile sun fito da fentin Joker a fuska.

Amma akwai ƙura. Iyalan waɗanda aka kashe a sinimar Aurora ta jihar Colorado a 2012, inda ɗan bindiga ya hallaka mutum 12 ana kallon The Dark Knight Rises, sun rubuta wa kamfanin Warner Bros. suna nuna damuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun soki yadda fim ɗin ya ɗaure taɓin hankali da kisa wuri guda, alhali yawancin masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ake cutarwa. Wannan sukar ta shafe mu, mu da muke ganin yadda yara ke bin marar lafiya da jifa a titi.

Abin mamaki, da aka yi na biyu a 2024, Folie à Deux, tare da Lady Gaga, Arthur ya tsaya a kotu ya ce babu wani Joker, shi ne dai Arthur, kuma shi ya yi kisan. Magoya bayansa na cikin fim suka watse suka bar shi. Na waje ma haka: fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 200 ya faɗi warwas a kasuwa. Gaskiya waƙoƙin sun yi yawa kuma labarin na jan ƙafa, amma ina zargin wani ɓangare na fushin shi ne an ƙwace wa mutane gwarzonsu.

In kun tambaye ni, ga matsayata. A gwanintar wasa zalla, Phoenix ya ɗauki kaya mafi nauyi, don kusan babu wurin da kyamara ta bar fuskarsa. Amma Arthur Fleck ya taka, mutumin da ake tausayi. Joker na 1940, wanda ke sanar da kisa a rediyo ya kuma cika alkawari, Ledger ne ya dawo da shi. Shi ne kaɗai in ya shigo ɗaki kake jin ba ka san abin da zai faru ba.

Ga ƙannena masu ɗora hotonsa kuma, ba na hana ku son fim, ni ma ina so. Ku dai tuna Jokern Ledger a farkon fim ɗin ya sa yaransa sun kashe juna wajen fashin banki, na ƙarshen ya harbe shi da hannunsa. Na Nicholson ya harbe babban yaronsa Bob saboda haushin abin da Batman ya yi masa. Wanda ya bi Joker shi ne na farko a layi.

Ku fa, wanne ne naku, kuma a wane wuri a fim ɗin ya kama ku? Wanda zai ce Leto, don Allah ya zo da hujja.