Leburan da babu sunansu a fayil

Jama'a barkanmu da hutun ranar ma'aikata. Yau ba maganar albashi zan yi ba, duk da na san ita ce a bakin kowa tun da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, kasuwa kuma ta lanƙwame shi tun kafin ya iso aljihu. Labarin kakana zan ba ku.

Muna yara a Yankwashi, kakarmu takan ce mijinta ya yi rani da yawa a Bukuru yana aikin kuza. Da an gama girbi sai ya ɗauki sanda da gora ya tafi, ya dawo gab da damina da kuɗin haraji da ɗan turmin atamfa. Iyakar abin da muka gada ke nan. Ko hotonsa babu. Bara na ce bari in bi sawunsa a takarda.

Darasin farko: kar ka nemi Jigawa a tsofaffin takardu. Sai 1991 aka ƙirƙiro jihar. A zamanin Turawa masarautar Kazaure tana ƙarƙashin Lardin Kano ne, don haka labarin Yankwashi, Roni da Gwiwa yana cikin fayilolin Lardin Kano da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Daga can na leƙa Arewa House, sannan ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, inda kundayen digiri na ɗaliban tarihi suke jibge, ba kowa ke buɗe su ba.

Darasi na biyu: talaka ba ya da fayil nasa. In kana neman lebura, bi ta hanyar haraji. Rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta kan ƙidayar mutane, gonaki da dabbobi, nan za ka fahimci abin da ke fitar da magidanci daga gidansa. An ce a biya haraji da kuɗin Bature, ba da gero ko wuri ba. To ina manomi zai samo sulalla? Ko ya noma gyaɗa, ko ya tafi cin rani ya sayar da ƙarfinsa.

Littafin Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza shi ya buɗe mini ido. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutum sama da 100,000 daga lardunan Arewa aikin tilas, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Sanyin tsaunin Filato, ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa. Kakana da ƙafarsa ya je, amma ramin ɗaya ne, kwanon ƙasar da ake ɗauka a ka ma ɗaya ne.

Haka zancen yake a jirgin ƙasa. Kowa ya san layin dogo ya iso Kano a 1911, amma wa ya haƙa, wa ya ɗauki ƙasa? Kowa ya san Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa, amma waɗanda suka hau da buhu a ka har ƙololuwa fa? A takarda adadi ne kawai: leburori kaza, kwana kaza, kwabo kaza.

Inda ma'aikaci ya fara samun suna shi ne inda ya haɗa kai. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya shafe sama da kwana 40 a kan tsadar rayuwa, ya bar mana sunan Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu, har yau ana tunawa da su. Hutun nan ma da muke ci, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta fara ba da shi a tsohuwar Jihar Kano a 1980, lokacin muna cikinta, kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya a 1981.

Ban ga sunan kakana ba. Na dai gano dalilin tafiyarsa, wanda a da nake ɗauka yawon duniya ne kawai. Sauran labarin kuwa ba a Kaduna yake ba. Yana bakin wata gwaggona da ta haura 80, wadda ta tuna har irin tarin da ya dawo da shi a raninsa na ƙarshe. Na ɗauki muryarta a waya, kusan awa biyu.

Don haka ga roƙona, musamman ɗalibanmu na Kazaure da Babura masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu. Ku je ɗakin karatu, ku karanta tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Amma kafin nan ku zauna da tsohon da ke zauren gidanku. Takarda za ta jira ku, shi kuwa ba lallai ba ne.

Wanda kakansa ya yi aikin kuza, ko dogo, ko dakon gyaɗa, ya ba mu labari. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa guminsu ya zama kaffara.